Guntun Allura a Rigar Ɗan Tsako

"Umma, shi ma wannan tsohon sun sayar da shi ne?"

Aku ce mai tambayar, 'yata ta fari, shekararta biyar. Ba a banza muke kiranta Aku ba: duk abin da ya shiga kunnenta a gida, ta bakinta zai fito a waje. Ta ɗaga kai tana nuna hoton mutumin da ya kafa kamfanin ɗinkin da nake aiki, wani tsoho mai tef ɗin awo a wuya, wanda aka rataye a zauren shiga. Manaja kuwa yana bayanmu, tsakaninmu bai kai taku uku ba, yana zagayawa da baƙi.

Ni na jawo. Ni ce nake ce wa babanta in muna hira, "Ai sun sayar da komai." Na matse mata hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Uwar Layi ce ta fitar da ni kunya. Ita ce shugabar layin kayan jarirai, shekararta ashirin da shida a kamfanin. Ta sunkuya ta ja kumatun yarinyar.

"Wa zai saye shi, Aku? Kin ga haƙori a bakinsa? Ko kyauta aka ba ki, ba kya karɓa."

Baƙi suka kwashe da dariya, Manaja ya yi yaƙe, aka wuce. Uwar Layi ta matso ta raɗa mini, "Ki riƙa tauna magana a gaban rediyon nan taki."

Ranar Asabar ce, bikin cikar kamfanin shekara sittin, an ce kowa ya zo da iyalinsa. Ina hutun haihuwa a lokacin, Litinin zan koma, amma na goyo jaririna ɗan wata uku, wanda muke kira Dunƙule, muka taho. An lulluɓe bangon zauren da tarihin kamfanin tun daga ƙofa har lungu. Ga hoton shagon farko, a ƙarƙashin matakalar wani bene, kekunan ɗinki uku. Ga Toron Giwa, tambarin da Tsoho ya fara da shi, kayan aiki masu kauri na makanikai da magina. Ga Tauraruwa, ta rigunan mata. Ga Zomo, na kayan wasanni, wanda wani kamfani ne dabam da ya durƙushe Tsoho ya saye shi ya tayar. Sai na ƙarshe, Ɗan Tsako, kayan jarirai, mai hoton ɗan tsako ruwan ƙwai a bayan wuya, wanda aka ƙirƙira shekarar da aka haifa wa Tsoho jikan fari.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka riƙe, shekara biyu da suka wuce suka sayar wa wasu mutane da ba mu taɓa gani ba. A bangon ba a rubuta "sayarwa" ba. An rubuta cewa kamfanin ya samu sababbin abokan tafiya.

A tsakiyar zauren aka ajiye akwatin gilashi. A cikinsa akwai wani tsohon kwali da ya yi ja don daɗewa, an manna masa guntayen allura uku, a ƙasa da rubutun hannun Tsoho: "Allurar da ta karye a gidan nan, a gidan nan take kwana."

Na daɗe a gaban akwatin nan, domin aikina ke nan. Ni ce mai tagar allura.

Wanda bai taɓa shiga kamfanin ɗinki ba zai ce allura har wani aiki ce. To ga yadda muke yi. Idan allura ta karye wa tela a kan keke, ba ta da ikon sa wata. Sai ta tsayar da keken, ta tattaro guntayen ta kawo tagata. Ni kuma in jera su a kan takarda, gindi, tsakiya, tsini, in ga sun haɗa allura guda cif, in manne su da salatif, sannan in ba ta sabuwa. Idan tsini ya ɓace, ko bai kai ƙwayar shinkafa ba, layin ya tsaya ke nan. A ɗauko mayen ƙarfe a bi ƙasa, a bi cinyar telar, a bi duk rigar da ke kusa. Bayan haka ma, kowace riga ta Ɗan Tsako sai ta bi ta cikin injin gano ƙarfe kafin a naɗe ta. Mu Kare muke kiran injin, domin yana sansano ƙarfe zai hau haushi, bel ɗin da ke jan rigunan ya tsaya.

Uwar Layi ce ta koya mini duk wannan. Ina da shekara sha tara na zo, ban san hannun dama da na hagu a keke ba. Ita ta zaunar da ni kusa da ita, ita ta raba abincinta da ni, ita ta tsaya mini aka ba ni tagar. Ranar da na fara, ta sa ni rarrafe a ƙasa awa biyu ina neman tsini guda. Da na gaji na ce, "Anti, ai ƙila ya faɗa shara," sai ta ce, "Ƙila kuma ya faɗa hammatar ɗan wata. Nemi." Na nema, na samu. Shi ya sa ban taɓa saya wa 'ya'yana rigar da ba Ɗan Tsako ba. Ko wa ya kawo mini kayan jarirai, sai na juya su na shafa ɗinkin. Ɗan Tsako kaɗai ne ba na dubawa. Mai ɗaki ai ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na san ɗakinmu ba ya yoyo.

Da aka tashi daga biki, aka raba wa duk ma'aikaciyar da ke da jariri ƙunshin riguna uku a leda. Uwar Layi da kanta ta miƙo mini nawa, tana leƙa goyona.

"Ga na mijina nan. Ni na zaɓo masa. Kada ki sa masa tsumma ya zo mini zance."

"Anti, wannan mijin naki ban da barci da tsotso ba abin da ya iya."

"To da can maza me suka iya?"

Muka rabu muna dariya.

Washegari da hantsi na yi wa Dunƙule wanka, na ciro fara daga cikin ledar na sa masa. Ban wanke ba, ban juya ba. Ina ɓalla maɓallin ƙarshe ya fara kuka. Na ba shi nono ya ƙi. Na duba ƙunzugu, a bushe. Babansa, wanda direban bas ne kuma Lahadi kaɗai yake wuni a gida, ya karɓe shi yana jijjigawa.

"Wannan muryar ta gidanku ce, Maman Aku. Mu a gidanmu ba ma ihu haka."

"Miƙo shi nan, kai ma ihun ka iya in fasinja ya ƙi sauka."

Na kwantar da shi, ya ɗan lafa. Na sa hannu a hammatarsa zan ɗaga shi, ya tsala wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har ya shiɗe. Na sake kwantarwa, ya lafa. Na sake ɗagawa, ya sake. A nan na tsaya na yi tunani. Ciwon ciki ba ruwansa da inda ka riƙe yaro.

Na ɓalle rigar na zare. A ƙarƙashin hammatarsa ta dama akwai jan layi, tsawon gaɓar yatsa, da ɗigon jini biyu. Na juya rigar, na bi ɗinkin hammatar da babban yatsa a hankali, yadda aka koya mini. Abu ya soke ni.

Da ɗan hantsaki na zaro shi. Tsinin allura ne.

Babansa ya ɗauke shi muka tafi asibitin unguwa. Nas ta wanke wurin ta ce ƙarzuwa ce, bai shiga ciki ba. Ta dubi abin da na naɗe a takarda ta ce, "Ki gode wa Allah ba a wuya yake ba, inda zai kai baki." Kunya nake ji, kamar ni na ɗinka.

Da muka dawo na zauna a bakin taga da rigar da tsinin. Shekara shida ina kallon allura, na san namu kamar yadda na san yatsuna. Allurar da muke ɗinka kayan jarirai siririya ce, bakinta a dunƙule yake don kada ta yanke zaren yadin. Wannan kuwa mai kauri ce, bakinta kamar mashi, irin wadda ake ɗinka wando mai tauri da ita. Ko a layin Toron Giwa ba irinta nake bayarwa ba. Na ɗaga rigar a haske. Zaren jikinta fari ne mai ƙyalli. Zaren da aka ɗinka ɗan tsakon da shi fari ne maras ƙyalli, irin namu. Kuma a ƙarƙashin tambarin akwai 'yan ramukan wani ɗinki da aka farke.

Wato ɗan tsakon namu ne, rigar ba tamu ba ce.

Ranar Litinin na kai yara wurin surukata, na shiga aiki. Kafin in buɗe taga na manna tsinin a kan takardar allura, na rubuta kwanan wata, na ninke na sa a aljihu. Da na leƙa layinmu sai na ga kekuna goma sha biyu a rufe da leda. Wata uku kacal na yi ba na nan. Na tambayi telar da ke kusa da ni inda masu su suke, ta nuna bayan sito da haɓa ta ci gaba da ɗinkinta.

A bayan sito akwai wani ɗaki da a da ake ajiye tsofaffin kekuna. An share shi, an sa fitilu. Mata takwas na tarar a ciki. Kwalaye jibge har rufi, babu suna a jikinsu sai lambobi. Biyu suna buɗe kwali suna farke wani ɗan farin ƙyalle daga wuyan riguna, huɗu suna ɗinka ɗan tsako a gurbinsa, biyu suna naɗewa a leda. Daga leda sai kwali mai hoton Tsoho, daga kwali sai ƙofar baya inda mota ke jira. Na duba gabas na duba yamma. Babu Kare a ɗakin.

Uwar Layi tana tsaye a bakin ƙofar baya tana ƙirga kwalaye. Da ta gan ni sai ta washe baki.

"Maman Aku! An dawo? Ina mijina, rigar ta yi masa?"

Na ciro takardar na buɗe mata. Ta kalla. Ba ta tambaye ni mene ne ba, ba ta tambaye ni daga ina ba. Ta ja hannuna zuwa bayan kwalaye.

"Ya ji ciwo?"

"A hammata. Jini ya fita."

"Innalillahi. Sannu. Allah ya tsare gaba."

"Anti, daga wane kwali kika zaɓo masa?"

Ta dubi kwalayen da ke gefenmu.

"Daga nan ne?"

"Duk na bikin daga nan aka ɗiba. Na saman kwali na ɗauko miki, na mammatsa su da hannuna."

"Kin mammatsa. A cikin leda."

"Ke, kada ki ɗaga mini murya, ban haife ki ba amma na yi goyonki a gidan nan."

"Shi ya sa nake tambayarki ke, ban tambayi Manaja ba. Me ya hana a bi da su ta Kare?"

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce an gwada, satin farko. A kwali goma Kare ya yi haushi sau bakwai, motoci suka yi layi a waje har la'asar. Manaja ya sauko ya ce maɓallan ƙarfe ne ke ruɗa injin, kuma can inda ake ɗinko su an riga an duba. Daga ranar aka buɗe ƙofar baya.

"Maɓallan roba ne, Anti."

"Na sani."

"Kin sani, kika miƙo mini, kina dariya."

"To me kike so in yi? In tsaya a gaban baƙi in ce kada ki sa? Kin ga matan nan takwas? Da titi za a watsa su, ni na roƙa aka ba su ɗakin nan. Masu kamfanin yanzu ba ɗinki suka saya ba, 'yar nan, ɗan tsakon suka saya. Gobe in sun ga dama sai su rufe layin gaba ɗaya su bar mutum biyu masu manna tambari. Ba ni takardar nan. Kada ki bari allura ta tono garma."

Ta miƙo hannu. Hannun nan da ya riƙe nawa ya ɗora a kan keke ranar farko. Na ninke takardata na mayar aljihu.

"Mutum nawa aka ba ƙunshin ranar Asabar?"

"Maman Aku."

"Nawa, Anti?"

"Talatin da ɗaya."

Ban je ofis ba, ban yi ihu ba. Na san ofis zai ce a jira bincike, jarirai kuwa ba sa jiran bincike, da safe ake sa musu riga. Da aka buga ƙararrawar cin abinci na bi layi layi, daga Tauraruwa zuwa Zomo zuwa masu guga. Duk wadda na san tana da goyo sai in tsaya in buɗe mata takardar in ce, "Wannan daga rigar bikin na ciro shi, a hammatar ɗana. Kira gida yanzu a cire masa." Wasu suka ajiye cokali suka ɗauki waya nan take. Wata ta ce, "Ke dai kin cika tsoro," amma na ga ta fita tana latsa waya. Wata mai guga ta dafe ƙirji ta ce ta riga ta ba ƙanwarta nata, wadda ta haihu sati biyu da suka wuce. Na tsaya a kanta har sai da ƙanwar ta ɗauka. Kafin a koma aiki mun kai ashirin da shida, har da ni. Biyar ɗin da ba su zo ba na karɓi lambobinsu.

Ƙarfe uku aka kira ni ofis. Manaja yana zaune, Uwar Layi tana tsaye a gefen taga. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce wannan ai ba irin allurarmu ba ce.

"Shi ne abin da nake faɗa, Yallaɓai. Rigar ma ba tamu ba ce."

"Duk rigar da ke ɗauke da tambarinmu tamu ce, kuma an duba ta." Ya juya wurin Uwar Layi. "Ke kika san ta. Ta yaya allurar waje za ta shiga rigarmu?"

Na dube ta. Wallahi har lokacin ina sa rai. Ba na neman ta yi faɗa domina, ko shiru ta yi da ya ishe ni.

Ta ce, idonta a kan labule, "Tana da keke a gida, Yallaɓai. Takan yi wa maƙwabta gyaran wanduna. Mai jego kuma, ga gajiya, ga yara. Abu ne mai sauƙi ya faɗa cikin kaya."

Keken nan ta sha zama a gabansa in ta kawo mini ziyara. Ta san bel ɗinsa ya tsinke tun ina da ciki wata bakwai, ita ce ma ta ce in bar shi sai na haihu.

Manaja ya ce to an gane, kuskure ne irin na gida, ba za a kore ni ba saboda daɗewata. Amma wadda ta tayar da hankalin ma'aikata ba za ta zauna a tagar allura ba. Ya sa takardata a aljihun tebur ya rufe. Aka mayar da ni sashen guga, layin Toron Giwa.

A matakala Uwar Layi ta biyo ni.

"Da ban faɗi haka ba, da yanzu kina waje. Na cece ki ne, in kin sani."

"Na gode, Anti."

"Ki gaishe mini da mijina."

Na sauka na nufi wurin guga. Ina da yara biyu, ban ajiye aikin ba, kuma ba zan yi ƙaryar jarumta ba. Ina nan ina guga. Da yammar ranar na kira biyar ɗin nan, huɗu suka ɗauka, ta biyar sai da na je gidanta da ƙafata. A cikin satin mata biyu suka same ni a wurin guga, kowace ta buɗe mini tafin hannu: ɗaya guntun fil, ɗaya ƙaramar waya irin ta manna takarda. Ba su kai ofis ba, ban kuma ce su kai ba. Namu talatin da ɗaya dai an cire. Amma ƙofar baya tana nan a buɗe, mota tana fita kullum sau biyu, kuma waɗancan kwalayen ba mu san hammatar da za su sauka ba.

Shi ya sa na rubuta wannan. Ke mai goyo, da kai mai sayo wa jariri kaya a hanyar dawowa daga aiki: kada hoton da ke wuyan riga ya ruɗe ku, tambari ɗinka shi ake yi, minti ɗaya bai cika ba. Kafin riga ta taɓa jikin yaro, a fitar da ita daga leda, a juya cikinta waje, a bi kowane ɗinki da babban yatsa a hankali: wuya, hammata, gefe, tsakanin ƙafafu, har kalmasar ƙasa. In abu zai soki wani, ya soki yatsanki. Kuma ko wace ce ta miƙo miki rigar, ko ita ta koya miki riƙe allura, ki juya ki duba.